Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Kano a Kan Tantance Littattafan Ɗakunan Karatu na Makarantu

Zuwa ga Mai Girma Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Kano,



Maƙasudin wannan wasiƙa shi ne jawo hankalin Mai Girma Kakaki da na sauran wakilan mazaɓu 40 na jihar ga batun littattafan da ake ajiyewa a ɗakunan karatu na makarantu, da irin dokar da ta dace da su idan har batun ya kai ga zama ƙudiri a zauren majalisa. Da yake ba a fafe gora ranar tafiya, ya fi kyau a yi wannan nazari tun hankula suna kwance, kafin wani sabon ce-ce-ku-ce ya tilasta wa majalisa yin doka cikin gaggawa. Abin da wasiƙar ke son tabbatarwa ɗaya ne, wato dokar da za ta amfani yaran Kano ita ce wadda ta shimfiɗa hanyar tantance littafi dalla-dalla, ta kuma tanadi kuɗin sayen littattafai, domin dokar da ta tsaya ga jera haramci da kalmomi masu harshen damo tare da barazanar ɗauri, ƙarshenta shi ne ta rufe ɗakunan karatun da dama can ba su wadata ba.

Mai Girma Kakaki ya fi kowa sanin cewa sa ido a kan rubuce-rubuce ba baƙon abu ba ne a Kano. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jiha, jim kaɗan bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta shirya taron ƙona littattafan ƙagaggun labarai na Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, kuma shekarun da suka biyo baya sun ga doguwar taƙaddama tsakanin hukumar tacewa da marubuta a kan sharaɗin yin rajista da miƙa rubutu kafin bugawa. A 2023 kuma gwamnatin jiha ta hana amfani da wasu littattafan koyarwa a makarantu, cikinsu har da Queen Primer, wani tsohon littafin koyon karatun Turanci mai asali daga Birtaniya, sannan a watan Oktoba na shekarar hukumar tacewa ta ba da sanarwar ƙwace kwafi sama da 1,000 na littafin, Majalisar Wakilai ta tarayya ita ma ta yi kira da a hana shi. Abin lura a nan shi ne yawancin waɗannan matakai sun zo ne ta hanyar sanarwa da samame bayan ƙorafi ya yi zafi, alhali abin da iyaye da malamai da masu buga littattafai suke buƙata shi ne ƙa'ida tabbatacciya wadda kowa zai san ta tun kafin a yi ƙorafin.

Babu mai hankalin da zai musanta cewa iyaye suna da haƙƙin sanin abin da 'ya'yansu ke karantawa, ko kuma ya ce duk abin da aka buga ya dace da yaro ɗan shekara bakwai. Ɗakin karatu na makaranta wuri ne da aka gina a kan zaɓe, domin kuɗi da wuri ba sa isa a ajiye komai, kuma jami'in da ke kula da shi aikinsa ne ya duba shekarun ɗalibai da manhajar karatu da tarbiyyar al'umma kafin ya ɗora littafi a kan kanta. Sai dai akwai bambanci mai girma tsakanin zaɓe, wanda ke tambayar abin da littafi zai ƙara wa yaro idan aka dube shi gaba ɗaya, da haramtawa, wadda ke farautar jumla guda da za ta zama hujjar jefar da littafin duka. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya san da wannan bambanci, domin sashe na 39 ya tabbatar da 'yancin karɓa da yaɗa ra'ayi da bayanai, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita wannan 'yanci don kare tarbiyyar jama'a da zaman lafiya, amma da sharaɗin dokar da ta taƙaita shi ta kasance mai hujja karɓaɓɓiya a ƙasar da ke bin tafarkin dimokuraɗiyya. Ke nan majalisa tana da ikon yin doka, kuma kotu tana da ikon auna ko dokar ta wuce gona da iri.

Ƙasar da ta fi gwada irin waɗannan dokoki a 'yan shekarun nan ita ce Amurka, inda majalisun jihohi da dama suka zartar da su daga 2022 zuwa yau. Al'adun Amurka da na Kano sun sha bamban, kuma littattafai da yawa da ake jayayya a kansu a can ba za su shiga makarantar Kano ba tun farko, amma tsarin mulkin shugaban ƙasa da Nijeriya ta runguma a 1979 an kwaikwayo shi ne daga can, jihohi suna da hannu a harkar ilimi a ƙasashen biyu, kuma yadda rubutacciyar doka ke aiki a hannun ƙaramin ma'aikaci mai tsoron rasa abincinsa iri ɗaya ne ko'ina. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Darasi na farko ya shafi kalmomin doka. Jihar Ayowa ta yi doka a 2023 wadda ta hana duk littafin da ke ɗauke da bayanin saduwa, ba tare da la'akari da shekarun mai karatu ko darajar littafin ba, sai hukumomin makarantu suka rasa yadda za su karance dubban littattafai kafin a dawo daga hutu, har hukumar makarantun wani gari mai suna Mason City ta koma tambayar manhajar ChatGPT, ta kuma cire littattafai 19 bisa amsar da ta samu. A gundumar Eskambiya ta jihar Fulorida an janye littattafai sama da 1,600 domin a sake duba su, kuma a cikinsu har da ƙamusoshi da kundayen ilimi, saboda ƙamus ma yana bayanin kalmomin da doka ta ambata. A jihar Yuta kuwa, wani mahaifi ya yi amfani da dokar 2022 ya shigar da ƙorafi a kan Baibul, kwamitin gundumar Debis ya cire shi daga makarantun firamare da ƙananan sakandare a 2023, sai da hayaniya ta tashi sannan hukumar gundumar ta mayar da shi. Waɗanda suka tsara dokar ba su nufi littafin addininsu ba, amma kalmomin da suka rubuta sun kama shi.

Wannan haɗari ya fi kusa da Kano fiye da yadda ake zato. Littattafan fiƙihu da almajiri ke farawa da su, irin su Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, suna bayani filla-filla a kan janaba da haila da abubuwan da ke wajabta wanka, domin ibada ba ta inganta sai da sanin su, kuma malaman da suka wallafa su ba su ɗauki wannan bayani a matsayin rashin kunya ba. Littafin nazarin halittu na babbar sakandare dole ne ya koyar da yadda ake haihuwa, tunda hukumomin jarrabawa suna tambaya a kai, kuma ɗalibar da jihar ke fatan ta zama ungozoma ko likitar mata daga nan take farawa. Haka nan idan doka ta hana duk labarin da ke ɗauke da sihiri ko sata ko kisa, to ta kama Jiki Magayi, wanda ya ginu a kan ramuwar gayya ta hanyar asiri, ta kama Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke bayyana azabar bauta, ta kuma kama Ruwan Bagaja na Abubakar Imam saboda damfara da ƙeta da ke cikinsa, alhali waɗannan littattafai da suka fito bayan gasar rubutu ta 1933 su ne harsashin rubutaccen zube na Hausa, kuma munanan ayyukan da suka kawo sun kawo su ne don jan kunne. Kalmomi irin su "batsa" da "gurɓata tarbiyya" da "saɓa wa al'ada" suna da daɗin faɗa a taro, amma idan doka ba ta fayyace iyakarsu ba, kowane jami'i zai fassara su gwargwadon tsoronsa ko son zuciyarsa.

Kotun Ƙolin Amurka ta samar da ma'aunin da ya cancanci nazari a shari'ar Miller ta 1973, inda ta ce ba a kiran rubutu batsa sai ya cika sharuɗɗa uku a tare: mutum matsakaici da ke auna shi da ma'aunin al'ummarsa ya ga cewa rubutun, idan aka ɗauke shi gaba ɗaya, manufarsa tayar da sha'awa ce, ya siffanta saduwa ta hanya mai muni ƙarara, sannan ya rasa wata daraja ta adabi ko fasaha ko siyasa ko kimiyya. Amfanin wannan ma'auni ga Kano shi ne ya bar wa al'umma damar aunawa da nata mizanin, wanda zai fi na Amurka tsauri, amma ya hana a yanke wa littafi hukunci da shafi guda da aka ɗauki hotonsa aka yaɗa a WhatsApp.

Darasi na biyu ya shafi wanda ke da ikon ƙorafi, da abin da ke faruwa da littafi kafin a yanke hukunci. Dokar Fulorida ta 2023 ta ce da zarar an yi ƙorafin cewa littafi yana ɗauke da bayanin saduwa, dole a janye shi cikin kwanakin makaranta biyar, ya ci gaba da zama a janye har a gama bincike, wanda kan ɗauki watanni. Ma'anar haka ita ce mutum ɗaya da takarda ɗaya yana iya hana dubban yara littafi ba tare da ya tabbatar da komai ba. Wani bincike da jaridar Washington Post ta yi a kan ƙorafe-ƙorafe sama da 1,000 na zangon karatu na 2021 zuwa 2022 ya gano cewa mutane 11 kacal ne suka shigar da kashi 60 cikin 100 na ƙorafin. Matsalar ta kai har majalisar Fulorida da kanta ta gyara dokar a 2024, ta taƙaita wanda ba shi da ɗa a makarantun gunduma ga ƙorafi ɗaya a wata. A gari kamar Kano, inda saɓanin ɗariƙu da ƙungiyoyin addini da hamayyar siyasa suke da zafi, ƙofar ƙorafi marar shinge za ta zama makami a hannun kowane ɓangare, yau wannan ya nemi a cire littafin malamin wancan, gobe wancan ya rama, yaran da aka ce ana karewa su tashi a tutar babu.

Darasi na uku ya shafi hukunci. Jihar Mizuri ta yi doka a 2022 wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar dala 2,000 ga ma'aikacin makarantar da ya bai wa ɗalibi littafi mai hotunan batsa, kuma cikin 'yan watanni makarantu suka janye littattafai kusan 300, har da na tarihin zane-zane, saboda babu mai son ya zama zakaran gwajin dafi. A gundumar Manati ta Fulorida, a farkon 2023, malamai sun rufe kantocin littattafan azuzuwansu da takarda, wasu suka kwashe su gaba ɗaya, bayan an gargaɗe su cewa ajiye littafin da ba a tantance ba na iya jawo tuhumar babban laifi. Ba sai an yi dogon tunani ba kafin a gane abin da shugaban makarantar ƙauye a Doguwa ko Kunci zai yi idan ya ji cewa littafi na iya kai shi gidan yari: zai tattara ɗan abin da ke akwai ya kulle a sito, ya sa mabuɗin a aljihu, kuma babu wanda zai zarge shi. Dokokin hukunta laifuffuka da ake da su a jihar sun riga sun tanadi hukunci ga mai yaɗa batsa da gangan, don haka babu buƙatar ƙirƙiro sabon laifi da zai rataya a wuyan malamin da ya yi kuskure da kyakkyawar niyya.

Darasi na huɗu shi ne dokar da aka yi da gaggawa takan ƙare a kotu. Jihar Teksas ta ɗora wa masu sayar da littattafai nauyin tantance duk littafin da suke sayar wa makarantu, da ma waɗanda suka sayar a baya, su lika masa alama gwargwadon abin da ke cikinsa, amma a watan Janairu na 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da dakatar da wannan sashe. Dokar Ayowa ita ma ta yi ta kai-kawo tsakanin kotuna tun ƙarshen 2023. Idan manyan kamfanonin Amurka sun koka cewa nauyin ya fi ƙarfinsu, ina ga masu shagunan littattafai na kasuwar Kurmi da Sabon Gari, da marubucin da ya ci bashi ya buga littafinsa da kansa? Kuɗin da jiha za ta kashe wajen kare irin wannan doka a gaban alƙali ya fi dacewa da sayen littattafai.

Bayan duk wannan, akwai gaskiyar da ta fi kowace nauyi, wato babbar matsalar makarantun gwamnati a Kano ita ce ƙarancin littattafan karantawa. Gwamnatin jiha da kanta ta amince da girman taɓarɓarewar da aka samu lokacin da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024, kuma duk wanda ya san makarantun ƙananan hukumomi 44 na jihar ya san cewa da yawansu ba su da ɗakin karatu, inda kuma ake da shi sau da yawa tsofaffin littattafan manhaja ne kawai a ciki. A ɗaya gefen, rubutun batsa na haƙiƙa ya daɗe da ƙaura daga takarda zuwa wayar hannu, ana yaɗa shi babi-babi a WhatsApp da Wattpad da Facebook, inda ba jami'in ɗakin karatu ba edita. Yaron da bai sami littafi mai daɗi a makaranta ba, ba zai daina neman labari ba, zai neme shi ne a wurin da babu mai dubawa. Tarihin adabin kasuwar Kano, wato littattafan labarai masu araha da suka bunƙasa tun daga shekarun 1980, ya isa shaida, domin duk da sukar da suka sha, su ne suka saba wa ɗimbin mata da karatun boko na Hausa, kuma a cikinsu ne Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? don kare ilimin 'ya mace, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ya rubuta In Da So Da Ƙauna. A cikinsu akwai na kirki akwai na banza, kuma rarrabe su aikin mai karatu ne da ya san adabi.

Saboda haka wannan wasiƙa tana roƙon Mai Girma Kakaki da ya tabbatar duk ƙudirin da zai zo gabansa a kan wannan batu ya ƙunshi abubuwa kamar haka. Ya fayyace ma'anar abin da ya hana da kalmomi ƙayyadaddu, ya wajabta a karanta littafi gaba ɗaya kafin a yanke masa hukunci, ya kuma ware littattafan addini da na kimiyya da na lafiya da ƙamusoshi a fili. Ya raba ma'auni zuwa matakai uku, firamare da ƙaramar sakandare da babbar sakandare, ta yadda littafin da bai dace da ƙaramin yaro ba za a ɗaga shi zuwa mataki na gaba maimakon a kore shi daga makaranta. Ya kafa kwamiti tsayayye da ya haɗa malaman addini daga ɓangarori daban-daban, da wakilin al'ummar Kirista da ke jihar, da masana harshe da adabi daga Jami'ar Bayero da jami'o'in jiha, da ƙwararrun jami'an ɗakin karatu masu rajista, da wakilan ƙungiyar iyaye da malamai, da na marubuta, sannan kwamitin ya riƙa tuntuɓar hukumar tarayya mai tsara manhaja da tantance littattafan koyarwa don kada ɗalibin Kano ya rasa littafin da za a yi masa jarrabawa a kai.

Haka kuma ƙudirin ya taƙaita ikon ƙorafi ga iyaye ko masu riƙon yaran da ke makarantar, ƙorafin ya zo a rubuce da sunan littafi da lambar shafi, a kuma ƙayyade wa kwamiti wa'adin yanke hukunci. Kafin hukuncin ya fito, ya isa a ajiye littafin a hannun jami'in ɗakin karatu, a bayar da shi ga ɗalibin da iyayensa suka yarda, tunda uba yana da iko a kan abin da ɗansa zai karanta amma ba shi da iko a kan ɗan maƙwabcinsa. A saurari marubuci ko mabugi kafin a hana littafinsa, daidai da ruhin sashe na 36 na kundin tsarin mulki a kan jin ta bakin kowane ɓangare, a buga hukuncin da dalilansa inda jama'a za su gani, a buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara, a kuma hana sake shigar da ƙorafi a kan littafin da aka wanke sai bayan wasu shekaru. Sama da komai, dokar ta ware wani kaso na kasafin ilimi don sayen littattafan karatu na Hausa da Larabci da Turanci da ɗaukar jami'an da za su kula da su, ta kuma wajabta cewa duk littafin da aka cire a maye gurbinsa da wani.

Daga ƙarshe, ana roƙon Mai Girma Kakaki da kada ya bari irin wannan ƙudiri ya tsallake karatu na uku ba tare da zaman jin ra'ayin jama'a ba, inda iyaye da malaman makaranta da malaman addini da marubuta da masu sayar da littattafai za su faɗi albarkacin bakinsu a gaban kwamitin ilimi na majalisa. Kare tarbiyyar yara wajibi ne, koya musu karatu ma wajibi ne, kuma majalisa tana da ikon yin dokar da za ta sauke wajibai biyun a tare. Allah ya yi wa Mai Girma Kakaki da abokan aikinsa muwafaƙa a kan abin da zai amfani yaran Jihar Kano.